Fuloti-Fuloti: Yadda Manhajojin Tuƙin Jirgi Ke Adana Duniya

A ce wani matashi ya kwashe makonni yana zana hasumiyar babban masallacin Agadas a kwamfuta. Ya fitar da tsawonta na mita 27, ya ba ta launin jar ƙasa, ya jera itatuwan nan da suka leƙo daga jikinta ta kowace fuska. Burinsa shi ne duk wanda ya kunna manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, ya nufo Agadas daga Yamai ko Damagaram, ya hango ta tun daga nesa kamar yadda ayarin raƙuma suka saba hango ta. Zane ya kammala, sai tambaya ta taso: a ina zai ajiye fayil ɗin, da wane suna, kuma ta yaya manhajar za ta san da zamansa?

Wanda bai taɓa shiga harkar ba zai ɗauka wannan magana ce ta shara da jeren kwanuka, abin da ake yi bayan an gama aikin gaske. Ni kuwa a ganina a nan ake yanke hukunci ko matashin zai iya shigar da garinsu cikin duniyar manhajar da hannunsa, ko kuwa sai ya zauna jiran wani kamfani a wata nahiya ya tuna da shi.

Tushen matsalar shi ne girma. Microsoft Flight Simulator da ya fito a watan Agustan 2020 an gina shi ne a kan bayanan taswira da suka kai kimanin terabayit 2,000, kuma babu kwamfutar gida da za ta ɗauki ko kusa da wannan. Hatta manhajojin da ba su kai shi nauyi ba, ba sa iya riƙe duniya duka a ƙwaƙwalwa lokaci guda. Abin da suke yi shi ne ɗauko ƙasar da ke kewaye da jirgi kaɗai, su saki wadda aka wuce. Jirgin fasinja kuwa yana cin kimanin kilomita 14 a minti ɗaya. Kowane minti ke nan ana buƙatar sabuwar ƙasa a gaban matuƙi, kuma idan manhajar ta tsaya lalube, hoto ya daskare.

Dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya jera kaya ƙasa-ƙasa, gari-gari: foldar Nijar, a cikinta foldar Agadas. Ga ɗan Adam wannan ya fi daɗin gani. Amma jirgi bai san Nijar ba. Lambobi biyu ya sani, digirinsa na arewa ko kudu da digirinsa na gabas ko yamma. Kafin manhaja ta juya waɗannan lambobi su zama sunan ƙasa, sai ta auna su da iyakoki masu lanƙwasa, waɗanda wasu ana gardama a kansu, wasu kuma suna sauyawa. Sudan ta Kudu ba ta cikin taswira kafin 2011. Saboda haka manyan manhajojin duka suka koma ga aikin masu awon filaye: a yayyanka duniya fuloti-fuloti, kowane fuloti da lambarsa, yadda daga lambobin jirgi za a lissafo sunan fayil kai tsaye ba tare da an nemi komai ba.

FlightGear, manhajar kyauta da 'yan sa-kai ke ginawa tun shekarun 1990, ita ce ta fi sauƙin leƙawa domin komai nata a buɗe yake. An raba duniya zuwa manyan foldoji masu digiri 10 tsawo da digiri 10 faɗi, a cikin kowace akwai ƙananan foldoji na digiri ɗaya-ɗaya. Masallacin Agadas yana ɗan ƙasa da digiri 17 arewa, kuma ɗan ƙasa da digiri 8 gabas, don haka gidansa shi ne e000n10, a ciki kuma e007n16. Sunan folda yana ɗaukar kusurwarta ta kudu maso yamma ne. A cikin wannan ƙaramar folda aka sake yanka fulotai, kowanne tsawonsa kashi ɗaya cikin takwas na digiri, kimanin kilomita 14. Faɗin ne ke canzawa. Tsakanin ikweta da digiri 22 shi ma kashi ɗaya cikin takwas ne, daga 22 zuwa 62 ya zama rubu'in digiri, daga nan ya zama rabi, yana ta ƙaruwa. Dalili shi ne layukan gabas da yamma suna matsowa kusa da juna idan ana nufar ƙarshen arewa ko kudu na duniya, kamar ɓarin lemo da ke haɗuwa a hancinsa. Da an bar faɗin bai canza ba, da fulotan arewacin Norway sun zama sirara kamar tsinke. Kowane fuloti ana haɗa lambarsa daga digirorinsa da matsayinsa a cikin folda. Filin jirgin San Francisco yana cikin 942050, hasumiyar matashinmu kuma ta faɗa cikin 3070655.

X-Plane, wadda Austin Meyer ya fara fitarwa a 1995, ta bi hanya mai kama da wannan, sai dai fulotinta digiri ɗaya ne cur, fayil guda mai suna irin +16+007.dsf a cikin foldar +10+000. Ta zaɓi manyan fayiloli kaɗan, FlightGear ta zaɓi ƙanana masu yawa. Babban fuloti yana rage yawan buɗe fayil da yawan gaɓoɓin da za a ɗinke, amma duk wanda ya so gyara tudu ɗaya sai ya sake gina ƙasa mai faɗin fiye da kilomita 100.

Agadas ta nuna wani rauni da duk wani awo ke da shi. Layin digiri 8 na gabas ya ratsa ta tsakiyar filin jirgin Mano Dayak, wato titin saukar jirgi rabinsa yana folda ɗaya, rabinsa yana wata. Idan aka gina rabin biyun daban-daban, kuskuren taku ɗaya a tsayin ƙasa ya isa ya haifar da tudu a tsakiyar titi, inda tayar jirgi mai gudu za ta yi karo da shi. Shi ya sa filayen jirgi ba a yanka su. FlightGear tana gina filin a matsayin fayil guda, a huda masa gurbi a cikin ƙasar da ke kewaye. X-Plane kuma tana rubuta bayanin filin gaba ɗaya a fayil mai suna apt.dat, sannan ta shimfiɗa shi a kan ƙasa kamar tabarma.

Wannan ya kawo mu ga shawarar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci, wato raba ƙasa da abin da ke kanta. A FlightGear akwai folda ta Terrain mai ɗauke da tuddai da kwaruruka da koguna, akwai ta Objects mai ɗauke da abubuwan da aka dasa, akwai ta Models mai ɗauke da kayan da kowa ke amfani da su, akwai ta Airports. Gina ƙasa aiki ne mai nauyi. Ana ɗauko bayanan tsayi, irin waɗanda kumbon Endeavour ya auna da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, a haɗa da taswirar gonaki da dazuzzuka da hanyoyi, a tura su cikin wasu manhajoji da ake kira TerraGear. Da a ce gine-gine a dunƙule suke da ƙasa, da matashinmu sai ya koyi wannan duka kafin ya dasa hasumiya ɗaya. Amma da yake an raba su, abin da ake buƙata daga gare shi layi ɗaya ne na rubutu a cikin fayil 3070655.stg: kalmar OBJECT_STATIC, sunan zanensa, digirin gabas, digirin arewa, tsayi daga teku, da inda ginin ya fuskanta. Ko a manhajar rubutu mafi sauƙi zai iya buga shi.

Layin nan gajere ne amma yana da ramuka. Digirin gabas ake fara rubutawa kafin na arewa, saɓanin yadda aka saba faɗa. Idan ya juya su, hasumiyar ta tafi kudancin Chadi, kuma ko can ba wanda zai gan ta, tunda ba a buɗe fayil ɗin sai jirgi yana kusa da Agadas. Kusurwar fuskantar ma ana ƙirga ta ne ta hagu, akasin kamfas. Babban ramin kuwa shi ne tsayi. Agadas tana kimanin mita 500 sama da teku, kuma idan ya rubuta adadin da ya dace da ƙasar yau, ranar da aka sake gina ƙasar da awo mafi kyau hasumiyar za ta rataye a iska ko ta nutse zuwa ƙugu. Daga baya an ƙara wani nau'in layi da ke auna tsayi daga doron ƙasa, kuma a X-Plane abin da aka dasa yana zama a kan ƙasa duk yadda take. Wannan shi ne daidai, domin mai ginin bai kamata ya dogara da adadin da ba shi ke iko da shi ba.

Sai bambanci tsakanin abin da babu irinsa da abin da ake maimaitawa. Hasumiyar Agadas guda ɗaya ce a duniya, don haka zanenta yana zaune a fulotinta. Falwayar wuta, tankin ruwa, rumbun ajiye jirgi, motar kashe gobara, waɗannan ana buƙatarsu sau dubbai, sai a ajiye kwafi ɗaya a ɗakin kayan gama-gari, kowane fuloti ya kira shi da suna. X-Plane ta ƙara wata hikima a nan. Ta hanyar fayil mai suna library.txt, mai gini yana kiran abu da laƙabi, a ce gidan zama matsakaici, ɗakin kayan ne zai zaɓi ainihin zanen, kuma ana iya ƙayyade cewa a wani yanki na duniya wannan laƙabi yana nufin wani zane daban. Ma'anar wannan a wurinmu babba ce. Mutum ɗaya da ya zana gidajen ƙasa masu soro da zanko da katangar zagaye zai iya sauya kamannin garuruwan Sahel gaba ɗaya ba tare da ya taɓa fuloti ko ɗaya ba. Farashinta kuma shi ne dogaro da juna. Wanda ya sauke filin jirgi bai sauke ɗakin kayan da aka gina shi da shi ba, zai tarar da fili fayau da saƙon kuskure, kuma idan mai ɗakin kayan ya canza laƙabi ɗaya, aikin mutane da yawa ya lalace a dare guda.

Filayen jirgi suna da adireshi na biyu, wato lambar haruffa huɗu da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ke bayarwa. FlightGear tana jera ƙarin bayanansu bisa haruffa uku na farko: na Malam Aminu Kano, DNKN, yana cikin D, cikin N, cikin K. Tsari ne mai kyau muddin lambar ba ta motsa ba, amma tana motsawa. Da aka rufe filin Kai Tak na Hong Kong a watan Yulin 1998, lambarsa VHHH ta koma sabon filin da aka gina a Chek Lap Kok, masu son tsohon filin suka koma kiransa VHHX. Fayil biyu masu suna ɗaya, kowanne yana nufin wuri daban, ba ƙaramin ruɗani ba ne.

Lokaci ma yana shiga cikin lissafin ta wata fuskar. Shekara da shekaru duk wanda ya kunna Microsoft Flight Simulator a ƙaramin filin Meigs da ke bakin tafki a Chicago yake samun kansa. A ƙarshen watan Maris na 2003 magajin garin, Richard Daley, ya tura motocin rusau cikin dare suka farfasa titin. Kafin nan, bayan harin 11 ga Satumban 2001, Microsoft ta cire tagwayen benayen New York daga bugun da take shirin fitarwa. Tsarin fuloti yana amsa tambayar ina, amma ba ya amsa tambayar yaushe. Wanda yake son Chicago ta 1995 da wanda yake son ta yau fuloti ɗaya suke nema, kuma hanyar da ta rage ita ce a ajiye tsohon a ƙunshi na daban da za a iya kunnawa a kashe.

Da zarar an yarda da ƙunshi na daban, an buɗe ƙofar rikicin fili. Mutum biyu sun zo da takarda a kan fuloti ɗaya, wa za a ba? Tsofaffin bugun Microsoft, har zuwa na 2006, suna da fayil mai suna scenery.cfg inda kowane ƙunshi ke da lambar hawa, na sama ya danne na ƙasa. X-Plane tana da scenery_packs.ini, jeri ne daga sama zuwa ƙasa, kuma ƙa'idar ita ce filayen jirgi a sama, gine-gine da hanyoyi a tsakiya, ƙasa kanta a can ƙarshe. Fuloti ɗaya ba ya ɗaukar ƙasa biyu, kuma da zarar manhajar ta ci karo da ƙasa a jerin, abin da ke ƙarƙashinta a wannan fuloti ya ɓace. Ga kuma wani abu: sabon ƙunshin da aka zuba a folda yakan hau saman jerin ne da kansa. Mutum ya sauke kyakkyawar ƙasa mai hotunan tauraron ɗan Adam, ya kunna, ya tarar gine-ginen filin jirgin da ya saya da kuɗinsa babu su. Shi ya sa manhajar Ortho4XP, mai gina irin wannan ƙasa, ke fara sunan foldojinta da harafin z ko y, domin su gangara ƙasa idan an jera bisa haruffa, kuma masu amfani da foldar Community ta Microsoft, inda ake zuba ƙunshin da aka sauke, su ma suna irin wannan wasa da sunaye.

Wannan ɗabi'a ban yarda da ita ba. Suna aikinsa ya gaya wa mutum mene ne a ciki. Idan aka ɗora masa nauyin yanke hukuncin wa ke sama, an mayar da mai amfani alƙali a shari'ar da bai san an shigar ba. Ƙunshi ya san kansa, ya san ko ƙasa ce shi, ko fili, ko gini ɗaya. Kamata ya yi ya bayyana hakan a takardar bayaninsa, tare da ƙunshin da ya dogara da su, manhajar ta jera. Microsoft ta matsa kusa da haka a 2020, inda kowane ƙunshi ke zuwa da manifest.json mai faɗin sunansa da bugunsa, da layout.json mai lissafa kowane fayil da girmansa. Nan ma akwai tarko, don fayil ɗin da aka ƙara ba a sabunta lissafin ba, manhajar ba ta ganinsa. Akwai kuma ƙananan cututtuka da suka daɗe suna cin lokacin mutane: Windows ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Linux tana bambantawa, sai gini ya fito da fentinsa a kwamfutar mai shi, ya fito tsirara a ta wani.

Ban da jeri, akwai shingen share wuri. Idan matashinmu ya dasa hasumiyarsa, manhajar ba ta san cewa ginin da ta ƙirƙira da kanta a wannan gurbi shi ne masallacin ba, sai biyun su shige cikin juna. Dole ƙunshinsa ya zo da umarnin cewa a cikin wannan murabba'i kada a nuna ginin da ya fito daga hawan ƙasa. Idan ya faɗaɗa murabba'in da yawa, ya share unguwa.

Gine-ginen da inji ke ƙirƙira su ne suka sa alamomin gari suka zama batu mai zaman kansa. A bugun 2020, kamfanin Asobo na Faransa da Blackshark.ai na Ostiriya sun sa kwamfuta ta duba hotunan sama ta tayar da gine-gine kimanin biliyan ɗaya da rabi. Aiki ne na ban mamaki, amma inji yana gina abin da ya fi yawa ne, alamar gari kuwa ita ce abin da ba shi da na biyu. Fadar Buckingham ta fito a siffar benen ofisoshi, sai da aka zana ta da hannu a sabuntawar Birtaniya ta farkon 2021. A unguwar Fawkner ta Melbourne wani siririn bene mai hawa 212 ya tsaya shi kaɗai, saboda wani ya yi kuskuren buga adadin hawa a taswirar OpenStreetMap. Idan haka ta faru da Landan, sai a ƙiyasta abin da inji zai yi da hasumiyar laka ko ƙofar ganuwa.

Kuma alama ba ado ba ce kawai. Matuƙin ƙaramin jirgi da ke tafiya da ido, dutse da kogi da hasumiya su ne taswirarsa. A Kai Tak matuƙan manyan jirage suna nufar wani tudu da aka yi wa fentin dara, ja da fari, sannan su yi kwana mai tsanani zuwa dama a saman rufin gidaje kafin su sauka. Kwaikwayon Kai Tak da babu wannan tudu bai koyar da komai ba. A nan ne tsarin fuloti ke gazawa, domin yana ɗaukar kowane gini daidai da maƙwabcinsa, ya nuna shi idan an matso, ya ɓoye shi idan an yi nisa, alhali amfanin alama shi ne a gan ta tun ana nesa. Mafita ita ce a yi mata siffa biyu ko uku, mai cikakken ado ta kusa da mai sauƙi ta nesa, a kuma ba ta zangon gani na musamman. X-Plane tana raba alamomin birane irin su Landan, Dubai da Sydney a ƙunshi masu zaman kansu, kuma ina ganin wannan ya dace: ana iya gyara su, a kashe su, ko a maye gurbinsu ba tare da an taɓa ƙasa ba.

Saura hanyar da aikin mutum ɗaya ke bi ya isa ga kowa. X-Plane tana da rumbun da take karɓar filayen jirgi daga jama'a ta saka su a bugu na gaba, da sharaɗin a gina su da kayan gama-gari na manhajar kaɗai. Wannan yana kawar da matsalar ɓataccen ɗakin kaya, amma yana nufin hasumiyar Agadas ba za ta shiga ta wannan ƙofa ba, sai dai ya raba ta a ƙunshinsa. FlightGear tana karɓar zane na musamman idan mai shi ya sake shi a ƙarƙashin lasisin GPL, kuma dole hotunan da ya lulluɓa wa ginin su zama nasa ko waɗanda aka halatta. Idan an karɓa, wani sashe na manhajar mai suna TerraSync yana sauke wa kowane matuƙi fulotan da ke gabansa yana cikin tafiya.

Abin da matashinmu zai miƙa ke nan bai wuce fayil uku ko huɗu ba: siffar ginin, hoton jar ƙasar da ya ɗauka da kansa, ɗan bayanin zangon gani, da layin nan guda na fuloti 3070655. Kafin ya tura sai ya gwada. Ya ajiye ƙaramin jirgi a gabashin titin Mano Dayak, ya fuskanci yamma, ya ba shi wuta. Yana tsallake layin digiri 8 tayoyi na barin ƙasa, sai ya duba tagar dama ya ga ko gindin hasumiyar ya zauna daidai a kan ƙasa.